Gardamar Kaurin Harsashi: Yadda Ba'amurke Ke Zaɓen Bindigar da Zai Ɓoye a Ƙugu

Ranar 11 ga Afrilun 1986, a kudancin birnin Miyami na jihar Fulorida, jami'an hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, su takwas suka tare motar wasu 'yan fashin banki biyu, Michael Platt da William Matix. Dukansu biyun tsofaffin sojoji ne. Cikin ƙasa da minti biyar aka yi musayar harsasai wajen 145. Da ƙura ta lafa, 'yan fashin sun mutu, jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, su ma sun rasa rayukansu, biyar kuma sun jikkata. Abin da ya fi tsaya wa hukumar a rai harsashi guda ne. Tun farkon artabun, Dove ya harbi Platt da ƙaramar bindigarsa mai cin harsashin milimita 9. Harsashin ya ratsa damtsen dama, ya shiga ƙirji, ya huda huhu, sannan ya tsaya saura kamar inci ɗaya ya taɓa zuciya. Likitocin da suka binciki gawar sun ce wannan rauni kaɗai ya isa ya kashe shi. Amma bai kashe shi nan take ba. Platt ya ci gaba da harbi da doguwar bindigarsa, kuma bayan ya sami wannan raunin ne ya kashe Dove da Grogan.

Daga wannan inci ɗaya aka ɗauko gardamar da Amurkawa suka shafe kusan shekara talatin suna yi: wace ƙaramar bindiga ce, kuma wane kaurin harsashi ne, zai tsayar da mai neman ranka kafin ya kai gare ka?

Tambayar ba ta tsaya a ofishin jami'an tsaro ba, saboda a daidai wannan lokaci ne dokokin jihohi suka fara sakin mara ga farar hula. A 1987 Fulorida ta yi dokar da ta wajabta wa hukuma ba da lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye ga duk baligin da ya cika sharuɗɗa, ba sai ya gamsar da wani jami'i cewa yana da dalili na musamman ba. Jihohi suka yi ta bin sahu, har Ilinoi, wadda ta fi kowa jan ƙafa, ta miƙa wuya a 2013. Kotun Ƙoli ta yanke a 2008 cewa gyara na biyu na tsarin mulkin ƙasar ya ba mutum 'yancin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa, a watan Yunin 2022 kuma ta ce 'yancin ya haɗa da fita da ita waje. Zuwa 2024, jihohi 29 daga cikin 50 sun soke buƙatar lasisin ɗungurungum. Saboda haka malamar jinya mai tashi daga aiki da tsakar dare, da direban babbar mota, da tsohon da ke zaune shi kaɗai, duk suna iya tsayawa gaban kantin sayar da bindigogi su yi irin tambayar da FBI ta yi wa kanta.

Mai karatu a Najeriya ya sani cewa wannan zance na wata ƙasa ne. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, fistol da libarba suna jerin haramtattun makamai, tare da bindigogin yaƙi, waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. Ko a 2022 da gwamnatin Zamfara ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin bindiga saboda 'yan bindiga, 'yan sanda sun ce hanin ba da lasisi yana nan daram. Duk da haka darasin Amurka ya cancanci a san shi, domin babu inda aka gwada wannan tunani da yawan mutane da yawan bayanai kamar can.

Abu na farko da masu binciken raunin harbi suka yi ta nanatawa bayan Miyami shi ne, ƙaramar bindiga makami ne mai rauni. Fina-finai sun koya mana cewa wanda aka harba yakan yi sama ya faɗi baya. Ƙarfin da harsashi ke kai wa jikin wanda aka harba ba ya wuce shurin da bindigar ta yi wa hannun mai harbin. Da zai iya kayar da wancan, da ya kayar da wannan. Harsashin doguwar bindiga yana gudu ninki biyu zuwa uku, yana kuma yayyaga naman da ke kewaye da hanyarsa. Na ƙaramar bindiga kuwa rami kawai yake haƙawa, abin da ya taɓa shi ya lalata. Likitan sojan Amurka Martin Fackler, wanda ya yi aikin tiyata a yaƙin Biyetnam, yana cikin waɗanda suka kafa wannan fahimta. A 1989 wani jami'in FBI, Urey Patrick, ya tattara ta cikin rahoton da har yau ake koyarwa da shi. Ma'anarsa a taƙaice: mutum yana daina faɗa nan take ne kawai idan an sami ƙwaƙwalwa ko saman laka. In ba haka ba, sai jini ya zuba har hawansa ya faɗi, kuma ko zuciya aka lalata, iskar da ta rage a ƙwaƙwalwa tana iya ba shi daƙiƙa goma zuwa sha biyar yana motsi da gangan. Mafi yawan waɗanda ke faɗuwa da harbin farko tsoro da zafi ne suka kayar da su, kuma ba a dogara da wannan a kan wanda ya sha ƙwaya ko ya riga ya sallama ransa.

A kan haka FBI ta gina ma'auninta. Ana harba harsashi cikin wani daskararren jeli da aka haɗa don ya yi daidai da taurin tsokar mutum. Dole ya nutse aƙalla inci 12, kimanin santimita 30, kada kuma ya wuce inci 18. Ana maimaita gwajin ta cikin tufafi masu kauri, da ƙarfen mota, da allon bango, da katako, da gilashin gaban mota. Iyakar ƙasa tana nan ne saboda irin abin da ya faru da Platt, inda hannu ya shiga tsakani. Iyakar sama kuwa saboda wanda ke tsaye a bayan wanda aka harba. Wannan ne ma dalilin da ya sa 'yan sanda da masu kare kai suke amfani da harsashi mai rami a baki, wanda ke buɗewa idan ya shiga nama, ya faɗaɗa, ya rage gudu, maimakon ya ratsa ya wuce.

Sai dai hukumar ta ɗora wa kaurin harsashi laifin da ya fi ƙarfinsa. Ta koma wa harsashin milimita 10 mai tsananin ƙarfi. Jami'ai da yawa suka kasa riƙe shi, aka rage masa albarushi. Kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka lura cewa tunda an rage albarushi, ana iya gajarta kwanson ya shiga bindiga mai girman ta milimita 9. A 1990 suka fito da .40 S&W, wanda ya mamaye ofisoshin 'yan sandan Amurka, FBI ma ta rungumi bindigar Glock mai cin sa a 1997.

A gefe guda kuma akwai masoya .45, waɗanda hujjarsu ta girmi Miyami da shekara tamanin. A yaƙin da Amurka ta yi da Musulmin Moro a kudancin Filifin a farkon ƙarni na 20, sojoji sun koka cewa libarbarsu ta .38 ba ta tsayar da mayaƙan. Daga nan John Browning ya ƙera .45 ACP da bindigar da sojan ƙasar ya ɗauka a 1911 ya riƙe har 1985. Wanda kakansa ya je yaƙin duniya da ita ba ya jin hujjar jeli. Amma idan aka ajiye tarihi aka ɗauko ma'auni, kaurin .45 milimita 11 da ɗoriya ne, na .40 milimita 10. Duk wannan kai ruwa rana a kan tazarar da ke tsakanin milimita 9 da .45, wadda ba ta kai milimita biyu da rabi ba, ake yin ta.

A 2014 sashen horarwa na FBI ya fitar da takardar da ta juya akalar zancen. Ta ce fasahar ƙera harsashi ta ci gaba har milimita 9 na zamani yana cin jarrabawar da na 1986 ya faɗi. Ta ce likitocin tiyata ba sa iya bambanta raunin 9 da na .40 ko .45 ta hanyar duban hanyar da harsashin ya bi. Ta kuma faɗi abin da ya fi komai nauyi: a musayar wuta ta gaske, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na harbin jami'an tsaro ba ya samun wanda aka nufa. Idan haka ne, harsashin da shurinsa ya fi sauƙi, wanda jami'i zai fi saita shi da sauri, wanda bindiga za ta fi ɗaukar da yawa, shi ya fi amfani. Glock 19 tana ɗaukar 15 na milimita 9. 'Yar uwarta Glock 23, mai girma ɗaya da ita, tana ɗaukar 13 na .40. Kuma na 9 ya fi arha, wanda ke nufin an fi yin atisaye da shi. A 2016 hukumar ta ba Glock kwangilar bindigogin milimita 9, ta koma kan harsashin da Georg Luger ya ƙera tun farkon shekarun 1900, wanda ta yi wa saki bayan Miyami.

A ganina wannan hukunci daidai ne, amma akwai wurin da masu yaɗa shi ke zarce gona da iri, su ce kauri ba shi da wani tasiri ko kaɗan. Wani ɗan sandan Ohayo, Greg Ellifritz, ya tattara harbe-harbe kusan 1,800 ya wallafa a 2011, ya ga cewa daga .380 zuwa .45 bambancin tsayar da mahari ƙanƙane ne, ƙananan irin .22 da .25 da .32 ne suka fi yawan kasawa. Aikin mutum ɗaya ne, ba na jami'a ba. A 2018 kuwa Anthony Braga da Philip Cook suka binciki harbe-harben birnin Boston na 2010 zuwa 2014, suka gano cewa wanda aka harba da matsakaicin harsashi, irin .38 da .380 da milimita 9, haɗarin mutuwarsa ya ninka na ƙaramin harsashi fiye da sau biyu, na babba kuma fiye da sau huɗu. Binciken biyu ba su ci karo ba. Ɗaya yana auna ko mahari ya daina, ɗaya yana auna ko mutum ya mutu a asibiti bayan awa biyu. Doka ta halatta wa mai kare kansa na farkon ne kawai. Wanda ya zaɓi babban harsashi yana iya ƙara yiwuwar kisa ba tare da ya ƙara wa kansa tsira daidai gwargwado ba, kuma wannan abu ne da ya kamata ya dami duk mai tsoron ɗaukar alhakin rai.

Da aka huta da gardamar harsashi, sai ainihin wahalar zaɓin ta fito fili, wato girman bindigar. Babba ta fi daɗin harbi: nauyinta yana shanye shuri, mariƙinta ya cika hannu, tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya tana rage kuskure. Amma Glock 19 cike da harsashi ta doshi giram 850. A ɗaure a ƙugu daga safe zuwa dare, cikin zafin Tekzas, ƙarƙashin riga mara nauyi, mutane da yawa sukan yi mako biyu su gaji su bar ta a aljihun mota. Ƙarama kuwa, irin Ruger LCP da ta fito a 2008 mai cin .380, ba ta kai giram 300 ba idan babu harsashi, tana ɓacewa a aljihun wando. Ita kuma yatsu biyu kawai ke kama mariƙinta, ƙaramin yatsa na rataye a iska, shurinta na cizon tsakanin babban yatsa da manuni, har mai ita ya ƙi zuwa filin atisaye. Abin takaici, wannan ce masu kanti suka daɗe suna miƙa wa mata da sababbin shiga, wai don ƙarama ce, alhali ita ce mafi wuyar sarrafawa.

Kasuwa ta yi ta neman tsakiya. Smith & Wesson ta fito da Shield a 2012, Glock ta fito da 43 a 2015, dukansu sirara masu cin milimita 9 amma harsasai kaɗan. A 2018 kamfanin SIG Sauer ya fito da P365, mai kaurin inci ɗaya da nauyin kusan rabin kilo, amma tana ɗaukar 10 a gidan harsashi. Sauran kamfanoni suka bi ta a guje, kuma wannan rukuni ne ya zama abin da yawancin sababbin masu ɗauka ke saya. Doka ma tana sa baki a zaɓin: Kalifoniya da Niyok sun ƙayyade gidan harsashi a 10, jihar Niyu Jazi kuma ta taƙaita yawo da harsashi mai rami a baki.

Libarba ba ta mutu ba. Ƙaramar Smith & Wesson mai ɗaukar biyar na .38 Special, wadda asalinta ya fito a 1950, har yau ana ƙera ta. Ba ta da abin zarewa ko dannawa, idan harsashi ya ƙi tashi sai a sake jan kunama. Amma kunamar tata tana bukatar ƙarfin kilo biyar ko kusa, ninki biyu na ta Glock, kuma jan abu mai nauyi haka ba tare da bakin bindiga ya karkace ba sai da doguwar koyo. Tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi tana iya kasa jan kunamar libarba, tana kuma iya kasa ja da murfin fistol baya don ɗana ta. Saboda irinta ne aka ƙera bindigogi masu laushin ɗanawa, kamar Shield EZ ta 2018. Bindiga kamar takalmi ce, ba a saye da ƙafar wani. Shi ya sa malaman harbi nagari ke cewa a je filin da ake ba da haya, a harba uku ko huɗu, a ga wadda hannu ya karɓa kafin a fitar da kuɗi.

Kube kuwa mutane sukan raina shi, alhali rabin aminci a kansa yake. Yawancin fistol na zamani ba su da maɓallin kulle na waje. Abin da ke hana su tashi shi ne kada komai ya taɓa kunama. Kube mai tauri da ya rufe kunamar gaba ɗaya, a kan ɗamara mai ƙarfi, shi ne kariyar. Bindiga tsirara a aljihu tare da makullai, ko a jakar hannu, hatsari ce mai jiran rana. A watan Disambar 2014, a wani babban kanti a jihar Aidaho, yaro ɗan shekara biyu ya zuge zif ɗin jakar mahaifiyarsa, ya taɓa bindigar da ke ciki, ya kashe ta. Tana da lasisi, ta kuma saba da bindiga.

Sai batun iya harbi, wanda babu kamfanin da ke sayar da shi. A 1983 wani sajan ɗin 'yan sanda na birnin Salt Lake, Dennis Tueller, ya nuna cewa mutum mai wuƙa yana iya cinye tazarar ƙafa 21, kimanin mita shida da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, kusan lokacin da ƙwararre ke bukata ya zaro bindiga ya harba. Wanda tasa ke ƙarƙashin riga ya fi haka jinkiri. A watan Agustan 2012, gaban benen Empire State a Niyok, 'yan sanda biyu sun harba harsasai 16 kan wani mai kisa da ke kusa da su. Sun kashe shi, amma masu wucewa tara sun jikkata, dukansu da harsasan 'yan sandan ko ɓaraguzansu. Akwai kuma ɗaya gefen. A watan Yulin 2022, a wata cibiyar kasuwanci a jihar Indiyana, wani saurayi ɗan shekara 22 ya tsayar da mai harbin jama'a cikin daƙiƙa 15, daga tazarar kusan mita 36, harbi takwas cikin goma suka samu. Da Glock mai cin milimita 9 ya yi. Mutum uku sun riga sun mutu, amma ba a san nawa ya ceta ba. Masu goyon bayan ɗaukar bindiga suna da gaskiya idan sun kawo shi misali. Ba su da gaskiya idan sun bar mai saye ya ɗauka cewa haka kowa zai yi. A yawancin jihohin da suka soke lasisi, babu wanda zai tambaye ka ko ka taɓa harba bindigar sau ɗaya.

Kuma faɗan ba ya ƙarewa da faɗuwar mahari. A watan Yunin 2021, a garin Arbada na jihar Kolorado, wani mutum ya harbe ɗan bindigar da ya kashe ɗan sanda. Ɗan sandan da ya iso daga baya ya gan shi riƙe da makami, ya kashe shi. A 2016 a Minesota, Philando Castile, baƙar fata mai lasisi, ya shaida wa ɗan sandan da ya tsayar da motarsa cewa yana da bindiga, aka harbe shi a kujerarsa, budurwarsa da ƙaramar yarinya na cikin motar. Lasisi iri ɗaya ne, amma ba kowane Ba'amurke yake karewa daidai ba.

Ko yawaitar bindigogi a ƙugu na rage laifi? Nan masana suka rabu. John Lott ya ce e a littafinsa na 1998. John Donohue da abokan aikinsa a 2019 sun ƙiyasta cewa laifukan amfani da ƙarfi na ƙaruwa da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari shekara goma bayan jiha ta sassauta dokar, kuma binciken baya-bayan nan ya fi karkata wajensu. Ko yawan lokutan da ake kare kai da bindiga ba a daidaita a kansa ba: binciken Gary Kleck da Marc Gertz na 1995 ya ce miliyan biyu da rabi a shekara, ƙididdigar gwamnati ta waɗanda laifi ya shafa kuma ba ta cika wuce dubu ɗari ba.

Adadin da babu gardama a kansa shi ne na gawawwaki. A 2021 bindiga ta kashe mutum 48,830 a Amurka, kuma kashi 54 cikin ɗari kisan kai ne da mutum ya yi wa kansa. Cibiyar Pew ta gano a 2023 cewa kashi 72 cikin ɗari na masu bindiga kariya na cikin manyan dalilansu. Wato makamin da aka saya don baƙon da zai shigo da dare ya fi yawan kashe mai gidan ko ɗansa matashi a ranar baƙin ciki, kuma da wuya wanda ya yi yunƙurin da bindiga ya rayu. Saboda haka nake ganin akwatin ƙarfe mai kulle yana cikin kuɗin bindigar tun ranar saye, tare da kube da kuɗin harsasan atisaye. Akwai masu buɗewa da lambobi ko zanen yatsa cikin daƙiƙa biyu, akwai kuma masu igiyar ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙarƙashin kujerar mota, domin wurare da dama, irin kotuna da ofisoshin gwamnatin tarayya, ba a shiga da makami, kuma bindigogin da ake bari a mota suna cikin waɗanda ɓarayi suka fi kwasa a biranen ƙasar.